Rubutun kakanka a cikin Littafi Mai Tsarki

Ɗana, na ga saƙonka da hotunan da ka turo. Ka ce ka tarar da Littafi Mai Tsarki na kakanka a akwatin marigayi babanka, da sunaye da shekaru a takardar farko, kana tambaya ko wannan ya isa ya nuna maka asalinmu, da kuma dalilin da ya sa wasu sunayen ba ka taɓa jin su a gida ba.

Littafin nan na san shi tun ina yaro, mai baƙin bango, wanda Inna ta ɗinke gindinsa da zaren buhu. Bugun 1932 ne, shekarar da Littafi Mai Tsarki ya fara fitowa cikakke da Hausar boko. To ka riƙe shekarar nan da kyau. Duk abin da ka ga an sa masa shekara kafin 1932, daga baya Baba ya zauna ya lissafa shi da ka. Shi kansa bai san ranar haihuwarsa ba. Mahaifiyarsa ce ta gaya masa tana goyonsa aka yi yunwar Kakalaba, shi ya sa ya rubuta 1913. Dubi tawadar ma: layukan farko duk zama ɗaya aka yi su, da alƙalami ɗaya. Daga haihuwar babbar yayarmu ne za ka ga wani shuɗi, wani fensir. Waɗannan ka dogara da su, domin ranar suna yake rubutawa, na ƙannena ma a gabana ya rubuta.

Batun sunaye kuwa, Baba sunan baftisma yake sawa, mu kuma a gida da sunan rana ko na alkunya muke kiran juna. Inna har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba. Sunaye biyun da aka yi wa alamar gicciye a gefe yayyenmu ne da suka rasu tun ba a yaye su ba. Ba a zancensu a gida, amma Baba bai yarda su ɓace ba. Duk sanda na tuna, sai zuciyata ta karye.

Kalmar Gimi da ke gefen sunan kakan babanka ita ce bakin zaren. Ƙauye ne a ƙasar Zazzau inda Isawan da suka karɓi bishara suka zauna, har ciwon barci ya yi musu ɓarna, sauran suka tashi. Isawa kuwa almajiran Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi. Ka je Wusasa, inda mishan ta koma daga cikin birnin Zariya a 1929, ka roƙi a duba maka rajistar baftisma ta majami'ar St. Bartholomew, ka gwada da abin da ke hannunka.

Amma kafin nan ka je wurin gwaggonka. Littafin bai faɗi komai a kan dangin mata ba, bai san zanen fuskar kakanninmu ba, bai san kirarin gidanmu ba, bai kuma ambaci 'yan'uwanmu Musulmi da muke kaka ɗaya da su ba. Ita duk ta san su, ga shi kuma shekaru sun ja. Ka tafi mata da goro da sabulu, ka zauna bayan tuwon dare, kada ka fara nuna mata littafin. Bar ta ta yi ta faɗa, kai kana ɗauka a waya, sa'an nan ka karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Ina roƙonka kada ka gyara ko harafi ɗaya a rubutun Baba, ko da ka gano kuskure. Ka rubuta gyaran a wata takarda ka saka a ciki. Ka nisanta littafin daga laima da gara. A ƙasa akwai sauran fili, ka sa sunayen 'ya'yanka, ka haɗa da na mahaifiyarsu da garinsu.

Ka gaishe mini da ita da yaran.

Baffanka