Za a gina matatar ruwa kusa da gonakinmu: me za mu nema?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna noman rani a bakin Kogin Kaduna, an ce za a gina matatar ruwan sha kusa da mu. Wace illa za mu yi tsammani, kuma me za mu nema? Daga wani manomi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin babban aiki, kuma ana baje rahoton na kwanakin aiki 21. Ku karanta, ku kai ƙorafinku a rubuce tare da mai unguwa. A ƙirga amfanin gona da itatuwa a gabanku, a biya diyya kafin katafila ta shiga.

Abin da ya fi damunmu shi ne laka. Ana zuba alif a ruwa domin datti ya dunƙule ya kwanta. Idan aka mayar da wannan laka kogi, musamman da rani da ruwa ya ja baya, takan lulluɓe ƙasan kogi ta cutar da kifi, ta toshe injinan ban ruwanku. Dole a gina wuraren shanya ta, masu yashi da tsakuwa a ƙasa, ta bushe a kwashe. Ruwan wanke matatun yashi, wato yashin da ake tace ruwan sha da shi, shi ma a bar shi ya kwanta tukuna.

Sai kulorin, sinadarin da ake kashe ƙwayoyin cuta a ruwa da shi. Iskarsa ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, in ta tsiyaya, kwari take bi. Ku nemi a nisanta rumbunsa da gidaje, a sa na'urar gargaɗi.

Lokacin gini, tankar ruwa ta riƙa yayyafa hanya saboda ƙura.