Filin Tambaya: Wai ƙanwata ta ɗauki cikin wasu a biya ta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni daga wani ƙauye nake a yankin Ringim. Ƙanwata ce aurenta ya mutu tana gida da yara uku, uban yaran ko sisi baya aikowa, sai ga wata mata mai zuwa sarin kaya ranar kasuwa tace mata akwai wasu masu hali a Abuja da Allah bai ba haihuwa ba, suna neman wadda za a dasa wa ƙwansu a mahaifa ta haife musu, za su biya ta kuɗi masu kauri, kuma wai ba haramun bane tunda babu namijin da zai kusance ta, aikin likita ne kawai. Yarinyar nan har ta fara lissafin keken ɗinki da firij. Don Allah meye hukuncin abin nan, kuma hukuma ta san da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya saka miki da kika tambaya tun ba a sa ƙafa a mota ba.

Maganar cewa halal ne don ba a kwanta ba, malamai sun daɗe da gama ta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta ƙasar Jodan a 1986, ta halatta dashen ƙwai tsakanin miji da matarsa in a mahaifar ita matar za a mayar, ta haramta a sa shi a cikin wata daban. Kai ko kishiya ma, wadda mijin nata ne halak malak, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta yarda da ita a 1984 amma shekara na zagayowa ta janye, saboda tana iya samun nata cikin a wannan tsakanin a rasa ɗan wace ce aka haifa. To in kishiya bata samu ƙofa ba ina ga bazawarar da babu igiyar aure tsakaninta da mai maniyyin? Ga kuma ayar Suratul Mujadala da ta ce iyayensu mata ba kowa bane sai waɗanda suka haife su. Gobe yaron nan wa zai gada, su waye muharramansa? A Iran malaman Shi'a da yawa sun halatta, don kada ki ji an kawo miki hujja da can ki ruɗe, amma ba shi bane fatawar da malamanmu na nan suke a kai.

Ta ɓangaren hukuma kuwa, babu wata dokar tarayya a Najeriya da ta tsara aron mahaifa, kuma wannan rashin dokar a kan talaka yake ƙarewa. Takarda za su bata ta dangwala da Turancin da bata ji, lauyan da ya rubuta nasu ne, asibitin su suka zaɓa. In cikin ya zube a wata na biyar wa zai biya ta? In jininta ya hau ta kama jijjiga, ko aka yi mata tiyata, ko tagwaye suka zo don sau da yawa fiye da ƙwai ɗaya ake dasawa, ko yaron ya zo da nakasa masu kuɗin suka ce basa so fa? Wallahi abin nan yana taɓa min zuciya, don mu da muke ƙauye mun san matan da haihuwa ta tafi da su, kowa na da wadda ya binne. Indiya da aka fi sani da wannan harka sai da ta hana yin ta don kuɗi a 2021, saboda yadda ake cin gumin mata marasa galihu.

Sannan kada ki manta Jigawa da Kano suna da kotunan shari'a, kuma a mazhabar Malikiyya cikin macen da bata da miji abin tuhuma ne, kin dai tuna irin wuyar da Amina Lawal, bazawarar da aka yanke wa hukuncin jefewa don ta haihu ba aure, ta sha a Katsina kafin a wanke ta a 2003. Ko ba a je kotu ba bakin mutanen gari kaɗai ya isa, kuma yaranta uku su ma a bakin za su tashi.

Ita kanta matar kasuwar ban yarda da ita ba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana saye da sayar da yaro, kuma da irin wannan daɗin bakin ake kwasar 'yan mata a kai su gidajen da ake tara su suna haihuwa ana sayar da jariran. Kada ku bari ta bi ta ko tasha, in ta matsa ku sanar da mai gari, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ma tana da ofis a Kano.

Abin da ya kai ƙanwarki ga wannan tunanin yunwar yara ce, to ciyar da su wajibin ubansu ne ko aure ya mutu. Ku sa baba ko kawu ya same shi da manyansa, in ya ƙi ta kai ƙara kotun shari'ar yankinku alƙali ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata.