Alawus ɗin karatu a Amurka: ina haraji yake shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne, ina karatun digiri na uku a wata jami'a a jihar Ohayo. Na shigo da bizar ɗalibai ta F-1 a watan Agustan 2023. Jami'a ta ɗauke min kuɗin makaranta, tana kuma ba ni alawus duk wata. Wasu 'yan'uwa sun ce tallafin karatu kyauta ne, ba ruwansa da haraji. Wani kuma ya ce in cike fom ɗin haraji ta manhajar TurboTax, za a dawo min da kuɗi masu kauri. Wanne zan bi? Kuma abin da nake tura wa mahaifiyata ana rage min shi daga haraji?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu.

'Yan'uwan nan rabin gaskiya suka faɗa maka. Hukumar harajin Amurka, wato IRS, ba sunan kuɗin take dubawa ba, abin da aka yi da su take dubawa. Abin da ya tafi kuɗin makaranta da littattafai da kayan da darasi ya wajabta, babu haraji a kansa. Wanda ya tafi hayar ɗaki, cefane da tikitin jirgi, wato alawus ɗin da kake rayuwa da shi, akwai haraji a kansa, ko da takardar jami'a ta kira shi kyauta.

Yanzu duba takardar da suka aiko maka. In kana koyarwa ko kana taya farfesa bincike, albashi ne, kuma fom W-2 za ka gani. In tallafi ne zalla ba tare da aiki ba, fom 1042-S za a ba ka, galibi an riga an cire kashi 14 cikin 100. Kada ka ga abokinka ɗan ƙasar Sin ko ɗan Masar ana masa rangwame ka ce an cuce ka. Ƙasashensu suna da yarjejeniyar haraji da Amurka, Najeriya da Nijar da Gana ba su da ita.

Maganar TurboTax ita ta fi damuna, don nan ne yaranmu suke faɗawa rami. Mai bizar F-1 baƙo ne a idon IRS na shekara 5, saboda haka fom ɗinka 1040-NR ne, haɗe da fom 8843. TurboTax kuwa fom ɗin mazauna ƙasa take cikewa. Kuɗin da ake cewa sun dawo da yawa, rangwame ne da ba haƙƙinka ba, kuma ranar da aka gano za ka mayar da su har da ƙarin ruwa, wataƙila da tara. Wannan tabo bai dace da mai burin neman takardar zama nan gaba ba. Je ofishin ɗalibai baƙi na jami'arku, da yawansu suna ba da Sprintax ko Glacier, manhajojin cike fom ɗin harajin baƙi, kyauta. In ka riga ka cike ba daidai ba a baya, fom 1040-X yana gyarawa, kuma gara ka je da kanka kafin wasiƙa ta iso. Wa'adin mai albashi 15 ga Afrilu ne, jihar Ohayo ma tana da nata fom daban.

Ka kuma lura da yadda ake ƙidayar shekarun nan. Watanni biyar ɗin da ka yi a 2023 shekara guda cur aka lissafa, don haka naka sun ƙare da 2027. Daga 2028, in ka cika kwana 183 a Amurka, ka zama mazauni wajen haraji. A lokacin jami'a tana iya daina cire komai daga tallafin, ta daina aiko da fom gaba ɗaya, alhali harajin na nan a wuyanka. Kai za ka rubuta shi da hannunka, kuma in abin da ake bin ka zai kai dala 1,000, sai ka riƙa biya kashi huɗu: Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Tun yanzu ka saba ware wani abu gefe kowane wata.

Game da Hajiya, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama da ita lafiya. Sai dai abin da kake tura mata ba ya rage maka ko sisi daga haraji, kuma babu gurbinsa a fom ɗin 1040-NR. Ka fara cire rabon haraji daga alawus ɗin, sannan ka yanke abin da za ka iya aikawa gida, ka kuma sanar da su adadin tun da wuri don kada su sa rai da abin da ya fi haka.