Tambaya da Amsa: Kayan fatsa nawa ya kamata in riƙa ɗauka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kano, kuma tun bara na soma zuwa Dam ɗin Tiga ranar Asabar ina jefa fatsa don in huta. Ina yawan kallon masu kamun kifi na Amurka a YouTube, kowa da akwatinsa mai hawa-hawa cike da kifayen roba kala-kala. Sai na yi odar irinsa, akwai kifin roba sun fi 40 a ciki, ban da ƙugiyoyi da darma. Har yau abin da na kamo da su bai taka kara ya karya ba, alhali yaran ƙauyen da ke zama kusa da ni da 'yar sanda da tana suna cika bokiti da karfasa. Shin waɗancan mutanen da gaske suna amfani da duk kayan nan? Ni kuma nawa ya kamata in riƙa ɗauka?
Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba sa amfani da su duka. Ka koma ka kalli bidiyon da kyau, ka bar kallon akwatin, ka dubi abin da ke ɗaure a bakin zare. Za ka ga daga safe har yamma mutum bai wuce kifin roba uku ko huɗu da ya amince da su ba, sauran suna kwance a ɗakunansu ba su ko jiƙe ba. Da yawa daga cikin masu bidiyon ma kamfanonin kayan ne ke ɗaukar nauyinsu, don haka buɗe akwati a gaban kyamara yana cikin aikinsu. Ban ga laifinsu ba, sana'arsu ce. Abin da ya fi shafarka shi ne kifin da suke nema mafarauci ne, mai kai wa duk abin da ya gilma cafka, a ruwa mai haske. Kai kuwa kana zaune a bakin Tiga kana miƙa wa karfasa roba.

Karfasa ba ta farauta. Abincinta gansakuka ne da ƙananan ƙwari da ɗan abin da ta tsinta a gindin ciyawa, bakinta kuma ƙarami ne. Yaran nan da suka fi ka kamu sun san haka ko da ba wanda ya zaunar da su ya karantar da su: 'yar ƙaramar ƙugiya, guntun tana, ɗan yankin silifa a matsayin abin da zai nuna an taɓa, shi ke nan. Tarwaɗa ita ma ba da ido take cin abinci ba. Gashin bakinta take bi da shi tana shinshina a ƙasan ruwa, galibi da magariba ko cikin dare, shi ya sa hanjin kaza da hanta da ɗan kifin da ya soma wari suke kama ta. A wajenmu Yauri na ga masu su suna yanka sabulun wanki ƙanana-ƙanana suna maƙala wa ƙugiya, su kwana da shi a ruwa, da safe su ciro tarwaɗa. Ƙurungu da ragon ruwa duk 'yan ƙasa ne, tana ko ɗan kifi suke so. Idan ka cire waɗannan, waɗanda kifin roba zai yaudara a ruwayenmu ba su da yawa: giwan ruwa, da tsage mai haƙoran nan a waje, da tufi a wuraren ciyawa. Saboda haka kafin ka ƙara buɗe akwatin, ka je inda kwale-kwale ke sauka da sassafe ka ga abin da masunta ke juyewa a daro. Abin da ka gani a daron shi zai gaya maka abin da za ka ɗaura. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai maganar ruwan kansa, wadda ba za ka same ta a bidiyon Amurka ba. Kifin roba sai an gan shi yake aiki. Mu da muka tashi a bakin kogin Kwara mun san ruwa biyu a shekara. Na farko shi ne na damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, ya zo da laka, fari-fari, ka sa hannu ba ka ganin yatsunka. Na biyu yana isowa wajen Disamba, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya sauke lakarsa a can, ya iso mana a tace. A ruwa na farko ko kifin roba na zinariya ka jefa wahalar banza kake yi, sai dai abu mai wari. A na biyu ne tsage ke bin ƙarfe mai walƙiya. Dam ma haka yake: da damina ya yi jajir, da hunturu ya kwanta ya yi haske. In za ka gwada kayanka, ka bari sai sanyi ya shigo.

Yanzu ga abin da ni nake ɗauka, kuma duk yana shiga jakar da ba ta kai ta 'yan makaranta ba. Ƙugiya iri uku: ƙarama ta karfasa, matsakaiciya ta ƙurungu da ƙananan tarwaɗa, babba ta ragon ruwa da manyan tarwaɗa, kowace iri kamar guda 10, ina zuba su a gwangwanin alawa. Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka, don a yawancin ƙugiyoyi lamba tana hawa ƙugiya tana ƙanƙancewa, wato lamba 10 ba ta kai lamba 4 girma ba, kuma kowane kamfani da nasa awon. Ka ɗora ta a tafin hannu ka tuna bakin kifin da kake nema. Zaren nailan biyu, siriri mai ɗaukar kamar kilo 4 ko 5 da mai kauri da zai ɗauki kilo 15. Darma ƙanana da manya cikin tafi ɗaya. Filaya, wuƙa, da ɗan ƙyallen riƙe kifi, saboda ƙayar ƙurungu idan ta shiga hannu ba ta fita da daɗi, kuma zafinta kan kai gobe.

Kifin roba kuwa, shida sun ishe ka. Ka zaɓi biyu masu tauri masu siffar ƙaramin kifi, ɗaya mai gajeren leɓe, ɗaya mai dogo. Leɓen nan na roba da ke gaban bakinsa shi ke sa shi nutsewa idan kana jawowa, tsawonsa kuma shi ke ƙayyade zurfin da zai kai. Ka haɗa da ƙarfen nan mai kama da cokali guda biyu, fari da mai ruwan tagulla, sai mai laushi guda ɗaya. Na shidan ya zama tagwayen wanda ka ga ya fi kama maka, domin dam gona ce da daji da ruwa ya cinye, ƙasansa cike yake da kututture da tsohon kalli, wato ragar kamun kifi, da aka yar, kuma wanda kake yawan jefawa shi zai fara maƙalewa. Idan tsage kake nema, ka sa waya mai tsawon taƙi ɗaya tsakanin zare da ƙugiya, in ba haka ba cizo ɗaya zai datse zaren ya tafi da kuɗinka.

Abin da kifi ke bi motsi ne, launi yana zuwa daga baya. Sunan Rapala da kake gani a jikin kwalaye sunan wani talakan masunci ne na ƙasar Finlan, Lauri Rapala. Ya lura cewa babban kifi idan ya afka wa garken ƙanana, wanda ke tangaɗi kamar mai rauni shi yake ware wa. A 1936 ya sassaƙa ɓawon itace da wuƙa, ya naɗe shi da takardar azurfa, ya yi ta gyara har ya samu wannan tangaɗin. Guda ɗaya ya fara da shi. Kai ma ka ɗauki guda, ka tsaya inda ruwa bai da zurfi kana ganinsa, ka jawo a hankali, ka jawo da sauri, ka dakata, har ka gane saurin da yake yin rawar da ta dace. Wanda ke sauya kifin roba duk bayan jifa biyar rabin yininsa a ɗaurin zare yake ƙarewa, ƙugiyarsa tana waje. A Argungu, inda ake bikin su tun 1934, homa da gora kawai mutum ke shiga kogin Matan Fada da su, kuma da su aka fito da kifi mai kilo 75 a 2005.

Inda nake so ka kashe kuɗi shi ne zare. Nailan ɗin da ya daɗe yana shan rana a rumfar kasuwa ya mutu, da hannu ma za ka tsinka shi, don haka ka ja shi ka gwada kafin ka biya. Ƙugiyoyin da ke zuwa da kifin roba mai araha sau da yawa suna miƙewa idan babban kifi ya ja, gara ka canja su da masu ƙarfi. Ka koyi ƙulli ɗaya mai kyau, ka riƙa jiƙa shi da miyau kafin ka tsuke, ka kuma ɗaura ƙugiyoyinka tun a gida daren Juma'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ka isa ka gaida masu wurin, ka tambayi inda suka shimfiɗa kalli don kada ka yage wa bawan Allah abin neman abincinsa. Ragowar 30 da 'yan kai ɗin ka ajiye su a gida a busasshen wuri, ka riƙa cike giɓi da su.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Nguru, ina so in soma zuba mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, lokacin hutu don in samu na makaranta. Ƙugiya nawa zan saya?
Daga wani ɗalibi, Nguru.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Taka ta bambanta da ta Malam na Kano, don shi hutu yake nema, kai abinci. A mamari yawan ƙugiya shi ne jari, manyan masu su kan zuba ɗaruruwa a igiya ɗaya. Amma kai ka fara da kwali ɗaya mai guda 100, iri ɗaya, girma ɗaya. Wahalar mamari ba a saye take ba, tana wajen jerawa da wasawa da kwancewa idan ta harɗe, kuma igiyar da ta fi ƙarfin mai ita tana iya kama hannunsa ko rigarsa ta ja shi ruwa. Kada ka fita kai kaɗai, kuma wuƙa ta kasance a ƙugunka kullum. Ka nemi wani dattijo cikin masu su ka bi shi damina ɗaya kana riƙe masa kwale-kwale, ka kuma je wurin Sarkin Ruwa ya nuna maka inda aka yarda a zuba, don a fadamun Haɗeja da Nguru kowane gurbi da masu shi. Duk wanda ya ce maka ka zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso, ka rabu da shi. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana, kuma ruwan nan shi mutane da dabbobi ke sha.