Tambaya da Amsa: Faifan Garmaho, CD ko Intanet, Wanne Ya Dace da Falon Sakkwato?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makon nan sun karkata ne ga kayan sauti na gida, kuma uku daga cikinsu sun fito daga birnin Sakkwato. Mun ba ta farko wuri mai faɗi saboda amsarta za ta amfani masu karatu da yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne da ya kusa yin ritaya, ina zaune a Mabera. Ina da tsohuwar rikoda mai cin kaset da CD, yanzu lasifikarta ɗaya tana karkarwa idan an ƙara murya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini kwali guda na faifan garmaho, akasarinsu na makaɗan fada masu kotso da taushi. Yarana suna cewa in daina wahalar da kaina, komai yana cikin waya. Na tara 'yan kuɗi domin in gyara kayan sautin falona. Shin in sayi na'urar juya faifai, ko sabuwar na'urar CD, ko kuwa in bi shawarar yara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa Aljanna ce makomarsa, kai kuma ya sa a ajiye aiki lafiya. Tambayarka ta tsaya a kan abin da za a saka wa na'ura, amma ni zan fara da abin da ke fitar da sautin, domin a nan ne mafi yawan masu sayen kayan sauti suke yin kuskuren kashe kuɗi.

Lasifika ita ce ke mayar da wutar lantarki ta zama motsin iskar da kunne ke ji, kuma a cikin kayan gaba ɗaya babu abin da ke sauya kamannin sauti kamarta. Saboda haka shawarata ita ce ka ware kusan rabin kuɗin da ka tara domin lasifika biyu masu kyau, sauran kuma ka raba shi tsakanin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, da abin kare wuta da na'urar da za ta riƙa kawo waƙar. Idan za ka shiga kasuwa, ka tafi da waƙar da ka haddace tun kana yaro, ka sa a kunna maka ita da murya ƙasa-ƙasa, domin masu shago sun fi son ƙure murya, kuma ƙarar tana ɓoye aibi. Ka saurara ka ji ko muryar makaɗi ta fita daban da ta 'yan amshi, ko kuwa duk sun cakuɗe wuri ɗaya, sannan ka ji ko bugun kotso yana tsayawa tsaf ko yana jan gurnani a bayansa. Kada lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali ta ruɗe ka. Idan ka ga dubban wat tare da haruffan PMPO, wannan lissafin talla ne. Lambar da ake dogara da ita ita ce mai haruffan RMS, kuma wat 30 zuwa 50 a kowane ɓangare sun wadatar da falo na gida. Ka kuma duba bayan lasifikar da bayan amfilifayar ka tabbatar lambar om ɗinsu, wato ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta, ta dace da juna, galibi 4 ne ko 6 ko 8. Idan ka kawo su gida, ka ɗan janye su daga bango, ka ɗora su daidai da kunnen mai zaune, ka shimfiɗa darduma idan falon tayil ne, domin tayil da siminti suna mayar da sauti ya riƙa amsa kuwwa.

Yanzu sai batun faifai. Abu na farko shi ne ka buɗe kwalin nan ka karanta lambar da ke tsakiyar kowane faifai. Za ka ga 33 ko 45 ko 78, wato adadin juyin da yake yi a minti ɗaya. Babban faifai mai juyi 33 da sulusi kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da shi a 1948, ƙarami mai juyi 45 kuma kamfanin RCA ya fito da shi a 1949, kuma dukansu da roba ake yin su. Mai juyi 78 ya girme su, ya fi su nauyi, yana fashewa idan ya faɗi, kuma an yi shi ne da wani irin ƙaro wanda sinadarin sifirit ke narkarwa, don haka kada a kuskura a goge shi da sifirit. Haka kuma allurarsa daban ce, ta fi ta sauran kauri, kuma ba kowace na'ura ce ke juyi 78 ba.

Gaskiyar da ya kamata in faɗa maka ita ce yanayin Sakkwato ba ya tausaya wa faifan roba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, a cikin mota da aka rufe ko ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba sili kuwa ya fi haka nesa, kuma faifan da aka jibge a kwance ko aka jingine shi a karkace cikin irin wannan zafi yakan lanƙwashe, ba kuma kasafai yake komawa daidai ba. Da hunturu ya kama sai ƙura ta karɓi aiki. Busasshiyar iska tana sa faifai ya riƙa jan ƙura, ƙurar ta shige cikin siririn layin da allura ke bi, ita ce kuma ke haifar da ƙas-ƙas ɗin da ake ji, tana cin faifan tana cin allurar. Wanda zai riƙe faifai a garin nan dole ya jera su a tsaye cikin rigunansu, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ya share kowane da burushi mai laushi kafin ya ɗora allura, ya rufe na'urar da zarar ya gama.

Akwai wani tarko kuma ga mai sayen na'urar gwanjo. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa bolt 120 ce, sau 60 a daƙiƙa. Na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka tana iya ƙonewa idan aka jona ta kai tsaye, kuma ko an sa mata abin rage ƙarfin wuta, idan injinta irin mai bin saurin wutar gari ne, faifai mai juyi 33 zai koma juyi kusan 28, ka ji muryar makaɗi ta yi kauri ta yi nauyi. Wadda aka yi wa Ingila ko sauran ƙasashen Turai ba ta da wannan matsala. Sannan ka duba ko amfilifayarka tana da mashiga mai rubutun PHONO, domin sautin da allura ke ɗaukowa rauni gare shi ƙwarai, sai an ƙara masa ƙarfi an daidaita shi kafin ya yi daɗin ji. Idan babu wannan mashiga, sai ka sayi ƙaramin akwatin da ke yin aikin.

Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ya fi dacewa da mu ta fuskar juriya, saboda haske ne ke karanta shi, babu allurar da ke gogarsa, kuma yana ɗaukar kusan minti 80 na sauti tsaf ba ƙas-ƙas. Sai dai a lura, faifan da ake sayarwa mai waƙa ɗari ko fiye a ciki, waƙoƙin an matse su ne an zuba, don haka ingancinsa bai wuce na abin da ke cikin memorin waya ba. Idan na'urarka ta CD tana aiki, kai ta wurin mai gyaran rediyo ya goge mata idon da ke karanta faifai, ka jona ta da sabuwar amfilifaya, ba sai ka sayi wata ba.

Yaranka kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Manhajoji irin su Boomplay da Audiomack sun daɗe a wayoyin mutanenmu, Spotify ma ta fara aiki a Nijeriya a 2021, kuma ga sababbin waƙoƙi da karatun Alƙur'ani da wa'azi babu hanyar da ta kai wannan sauƙi. Lissafin data shi ne abin lura. Sauti mai kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 58 a awa ɗaya, mai kilobit 320 kuma kusan megabait 144, saboda haka ya fi kyau mutum ya sauke abin da yake yawan ji ya ajiye a waya. Inda yaran suka yi kuskure shi ne cewa komai yana ciki. Da yawa daga waƙoƙin fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi ba su cikin waɗannan manhajoji, waɗanda ke yawo a wayoyi kuma sau da yawa kwafi ne daga kaset ɗin da shi ma kwafi ne, har muryar ta dusashe. Mai yiwuwa abin da ke cikin kwalin mahaifinka ya fi duk wani kwafi da ke yawo tsabta.

Don haka ga yadda zan tsara maka. Lasifika da amfilifaya da sitabilaiza su zo farko. Waya da tsohuwar na'urarka ta CD su zama na sauraron yau da kullum. Na'urar juya faifai ta zo daga baya, matsakaiciya mai sabuwar allura, kuma babban aikinta shi ne a kunna kowane faifai a natse a naɗe shi cikin kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri biyu, a ba dangi. Ba na ba ka shawarar fara tara sababbin faifai, domin daga waje ake kawo su, ga tsada ga zafin hanya.

Tambaya: Ni matar aure ce a Arkilla. Mun sa sola da inbata a gida, amma tun daga lokacin duk sanda na kunna kayan sautin falo sai in ji wani zuuu a lasifika, ko da ba a saka komai ba. Da wutar gari ba ya yin haka. Kayan ne suka lalace?

Amsa: Hajiya, da alama kayanki lafiya suke, tunda kin ce da wutar gari ba su yin ƙarar. Inbata iri biyu ce. Akwai mai fitar da wuta mai santsi irin ta gari, akwai kuma mai rahusa wadda wutarta ke tafiya a gutsure kamar matakala. Fanka da ƙwan fitila suna iya haƙuri da ta biyun, amma amfilifaya tana ɗaukar wannan gutsurewa ta mayar da ita ƙara, kuma tana ƙara wa taransifomar da ke cikinta zafi. Ki sa maigida ya tambayi wanda ya haɗa muku solar wace iri ya sa. Idan mai santsin ce amma ƙarar ba ta daina ba, sai a duba wayar ƙasa ta gidan, a kuma raba wayoyin sauti da wayoyin wuta kada su kwanta tare a bayan teburi. Akwai gwaji mai sauƙi da za ki iya yi da kanki: ki zare duk wayoyin da ke shiga amfilifaya ki bar na lasifika kaɗai. Idan ƙarar ta ɗauke, to daga ɗaya cikin na'urorin da kika zare take shigowa, sai ki riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ki kama mai laifin. Yawanci talabijin ne ko dikoda ko cazar waya maras kyau.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a jami'a, ina zaune a Gawon Nama. Na ji ana cewa sautin faifan garmaho ya fi na CD da na intanet inganci. Gaskiya ne? Kuma shin jona waya da lasifika ta Bluetooth yana rage inganci?

Amsa: Ɗan'uwa, idan ana maganar abin da ake aunawa da na'ura, CD ya fi faifan garmaho tsabta, ya fi shi nisa tsakanin sauti mafi ƙanƙanta da mafi ƙarfi, kuma ba ya dusashewa saboda yawan kunnawa. Abin da masoya faifai ke kira ɗumin sauti ya samo asali ne daga 'yan sauye-sauyen da allura da robar ke yi wa muryar, wani lokaci kuma daga yadda aka gyara waƙar kafin a buga ta, kuma babu laifi mutum ya fi son wannan. Bluetooth kuwa yana matse sauti kafin ya aika shi, saboda haka waya mai igiya da aka soka a mashigar AUX ta fi shi riƙe abin da ke cikin waƙar. A ƙaramar lasifikar ɗakin ɗalibi da wuya kunnenka ya rarrabe, amma ranar da ka mallaki lasifika biyu masu kyau, ka gwada hanyoyin biyu da waƙa ɗaya a murya ɗaya, sannan ka zaɓi wadda ta fi kwanta maka.