Kada tsaftar barga ta ruɗe ka

Ka ce duk gidan kiwon dawakin da ka shiga fes kake ganinsa, to ta yaya za ka gane wanda yake cika ƙa'idar kula da dabbobi? Yarona, bar kallon fenti da shara, dokin za ka duba.

Ƙa'idojin nan biyar da aka tsara a Birtaniya a 1979 su ne tushe: kada dabba ta sha yunwa ko ƙishirwa, ko takura, ko ciwo, ko firgici, kuma a bar ta ta yi ɗabi'arta. Wannan ta ƙarshen ita ce ake yawan tauyewa, don ba ta fitowa a ido da wuri.

Fara da ciki. Tumbin doki ƙarami ne, kuma dare da rana yana fitar da ruwa mai tsami, ko da abinci ko babu. Shi ya sa aka halicce shi yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yawancin yini. Dokin da ya kai kilo 500 yana bukatar busasshiyar ciyawa aƙalla kilo 7 da rabi kullum, da ruwa lita 25 zuwa sama. Idan ana cika masa hatsi safe da yamma, a bar shi fiye da awa shida bakinsa ba ya motsi, gyambon ciki na nan tafe. Saboda haka tambayi ƙarfe nawa aka zuba ciyawar ƙarshe jiya, sannan ka leƙa da asuba ka ga ko akwai saura.

Sai ka tsaya shiru ka kalle shi. Wanda yake cizon katako yana haɗiyar iska, ko yana lilo da kai hagu da dama, ba shaƙiyanci yake yi ba, kaɗaici da kulle ne suka dame shi. Abin takaici, wasu sai su ɗaura masa abin wuya su hana shi. Abin da yake rage matsalar shi ne a sake shi a fili kullum, tare da 'yan uwansa.

Ɗakinsa kada ya gaza mita 3.6 kowane gefe, don sai ya kwanta yake samun barci mai nauyi. Durƙusa ka shinshina shimfiɗar. In zarnin fitsari ya sa ka hawaye, huhunsa ma yana ji. Shafa haƙarƙari: in ƙibarsa daidai take, hannu zai ji shi, ido ba zai gani ba. Ɗaga kofato ka duba, ana gyara shi duk mako shida zuwa takwas, in tsakiyarsa ta yi baƙi tana wari, danshi ya yi yawa a inda yake tsayawa.