Cutar Ido ta Gado a Tsakanin Dattawa

Malam, ka tambaya ko cutar gado mai lalata retina, shimfiɗar bayan ido da ke karɓar haske, ta yawaita a tsakanin dattawa. Gaskiya ba ta yawaita ba. Wadda aka fi sani, retinitis pigmentosa, tana kama kimanin mutum ɗaya cikin 4,000, kuma yawanci tun ƙuruciya take farawa da dundumi, sannan ganin gefe ya riƙa tsukewa har mutum ya yi karo da kujerar da ke dab da shi. Dattijon da tsakiyar ganinsa ya dusashe bayan shekara 60, har ya kasa gane fuska, galibi lalacewar makula (tsakiyar retina) ce ta tsufa ko illar ciwon sukari, ko da yake gado yana ƙara haɗarin ta farkon.